Hoton da Ke Bayan Taga

Akwai wata matsala da ta daɗe tana ba masu koyon rubuta manhaja da harshen Python ciwon kai, kuma da wuya ɗalibi ya fara gina tagogi bai gamu da ita ba. Zai rubuta layi biyar ko shida: a buɗe taga, a ɗauko hoto daga fayil, a shimfiɗa shi ya rufe tagar daga wannan kusurwa zuwa waccan. Sai ya kunna manhajar. Kwamfuta ba ta ce uffan ba, babu jan rubutu, babu gargaɗi. Taga ta buɗe da faɗi da tsayin da aka ce mata, amma fayau take, launin toka, ko alamar hoto babu. Ya duba sunan fayil, daidai yake. Ya sauya wani hoton, haka zancen yake.

Hoton ya shigo, kwashe shi aka yi kafin ido ya gan shi. Python yana da tsarin share duk abin da babu mai riƙe da shi a ƙwaƙwalwar kwamfuta. Yana ƙirga sunaye nawa ne ke nuni ga kowane abu, da zarar lissafin ya sauka sifili sai ya yar da abin don a sami wuri. Su kuwa tagogin da ɗalibin ke buɗewa, wani tsohon kayan aiki ne mai suna Tk yake zana su, wanda John Ousterhout ya rubuta a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ya kuma fitar a 1991. Tkinter, wanda ɗalibin ke rubutu da shi, aikinsa isar da saƙo tsakanin biyun. Tk ya san yana amfani da hoton, Python bai sani ba. Idan aka ɗauko hoton a cikin wani ɗan sashe na aiki aka ba shi suna na wucin gadi, da sashen ya gama sai sunan ya mutu, Python ya share hoton, Tk ya rage da gurbi babu abin sawa. Maganin layi ɗaya ne: a jingina hoton ga wani abu mai tsawon rai, kamar tagar kanta, don kada lissafin ya kai sifili.

Wannan ƙaramar matsala tana tona abin da yawancin masu amfani da kwamfuta ba su taɓa kawowa a rai ba. Taga ba ta mallaki hoton da ke bayanta ba. Wuri ne kawai aka keɓe a fuskar kwamfuta, ana zana shi, ana gogewa, ana sake zanawa, kuma duk wanda zai sa hoton bango dole ya san wa ke zanen, yaushe, kuma me ake fara zanawa.

Fuskar kwamfuta ɗigo-ɗigo ce, kowane ɗigo ana kiransa fiksel. Fuska mai faɗin 1920 da tsayin 1080 tana da ɗigo 2,073,600, kuma yawanci kowane ɗigo yana cin bayit huɗu: ja, kore, shuɗi, da na huɗu da za a zo kansa. Tsarin ba kowane ɗigo gurbinsa a ƙwaƙwalwa ya yi suna ne da kwamfutar Alto, wadda kamfanin Xerox ya gina a cibiyar bincikensa da ke Palo Alto a 1973. Fuskarta ɗigo 606 ne a faɗi, 808 a tsaye, kowanne baƙi ko fari, amma duk da haka hoton fuskar kaɗai yana cinye kusan rabin ƙwaƙwalwar na'urar. Ko da Macintosh ta fito a 1984, da fuska mai ɗigo 512 da 342, babu wurin ajiye cikakken hoto a bango. Abin da ake yi shi ne a zana ɗan ƙaramin ado mai ɗigo takwas a faɗi takwas a tsaye, wanda bayit takwas kacal yake ci, a yi ta maimaita shi har ya cika fuskar. Jera hoto tayil-tayil da ake gani har yau daga wancan zamanin ƙarancin ya samo asali.

A Windows, duk lokacin da wani sashe na taga ya lalace, ko don an ja girmanta, ko an dawo da ita daga ƙasa, tsarin yakan aika wa manhajar saƙo mai suna WM_PAINT, wato ta tashi ta sake zana kanta. Waɗanda suka yi aiki da Windows XP a shagunan intanet za su tuna abin da ke faruwa in manhaja ta sandare: ka ja wata ƙaramar taga a kanta, sai ta bar jerin sawunta a baya, taga bisa taga. Dalilin shi ne manhajar da ta sandare ba ta amsa saƙon ba, babu wanda ya goge sawun. Daga Windows Vista aka sauya tsari, kowace taga ta sami nata wurin ajiya, wani sashe na tsarin yana harhaɗa su a fuska. Sawun ya ɓace, amma nauyin zana cikin taga yana nan kan manhaja.

Zanen kuma yana da jeri. Wanda ya taɓa tsayawa yana kallon mai zanen bayan motar katako ya san yadda abin yake: sai ya gama shafe allon da launin ƙasa, sannan ya zana zakinsa ko dawisunsa, rubutu ne ke zuwa ƙarshe, kuma duk abin da ya zo daga baya yakan rufe na gabansa. Haka taga take. Hoton bango ne farkon zane, sai akwatunan rubutu da madannai a kansa. A Tkinter, abin da aka fara ƙirƙira shi ne a ƙasa, don haka ɗalibin da ya gama jera madannansa sannan ya tuna da hoto zai ga hoton ya binne komai. Madannan suna nan, ba a ganinsu kawai.

Kowane kayan gina manhaja da tasa hanyar. Mafi sauƙi a fuska ita ce ta Windows Forms, wadda Microsoft ya fitar tare da .NET a 2002, kuma har yau ɗalibai da yawa da ita suke gina aikinsu na kammala karatu. Taga tana da gurbi mai suna BackgroundImage, a zaɓi hoto, shi ke nan. Akwai gurbi na biyu da ke faɗin yadda za a shimfiɗa shi, da zaɓi biyar: a bar shi a kusurwa yadda yake, a jera shi tayil-tayil, a sa shi tsakiya, a ja shi ya cika, ko a girmama shi ba tare da ɓata siffarsa ba. In ba a taɓa gurbin ba, tayil-tayil ake samu. Shi ya sa ake yawan ganin manhajar da tambarin makaranta ya fito sau shida a bayanta, biyu daga ciki an yanke su rabi.

Swing na Java bai ba da wannan gurbi ba sam. A Swing, kayan gina tagogi da ya shigo cikin Java 1.2 a 1998, sai mai rubutu ya ƙirƙiro nasa faifan bango, ya karɓi aikin zanen da kansa ta hanyar sake rubuta wani sashe mai suna paintComponent, a ciki ya ce a zana hoton daga kusurwar sama ta hagu zuwa faɗi da tsayin da faifan yake da su a wannan lokacin. Hanyar ta fi tsawo, amma tana koyar da gaskiyar abin, domin mai rubutu yana ganin sashen nasa ana kiransa duk sanda aka motsa gefen taga. A nan ne kuma ake tafka kuskure mai tsada. Wasu sukan sa umarnin karanto hoton daga faifai a cikin wannan sashe, sai kwamfuta ta riƙa buɗe fayil tana warware shi a kowane zane. Fuskar da ke sabunta kanta sau 60 a daƙiƙa tana ba manhaja ƙasa da kashi 17 cikin dubu na daƙiƙa ta gama zane ɗaya, kuma warware babban hoto yakan ci fiye da haka. Sakamakon shi ne taga mai jan ƙafa. Hoto sau ɗaya ake karanto shi, lokacin da taga ke tashi, a ajiye, a yi ta zanawa daga ajiyar.

Qt, wanda wasu injiniyoyi biyu 'yan Norway, Haavard Nord da Eirik Chambe-Eng, suka fitar a 1995, tarkonsa daban ne. Yana karɓar umarnin ado irin na shafukan intanet, amma umarnin da aka ba babbar taga ba tare da ambaton sunanta ba yakan gangara kan duk abin da ke cikinta. Sai a ga hoton ƙofar makaranta ya fito a bango, ya fito a cikin kowane madanni, ya fito a akwatin da ake rubuta kalmar sirri. Dole a kira tagar da sunanta a cikin umarnin. Ƙari a kan haka, umarnin hoton bango a Qt ba ya jan hoto ya bi girman taga, shi ya sa masu aiki da shi sukan ari umarnin border-image, wanda asali don adon gefe aka yi shi.

Batun jan hoto ya cancanci a tsaya a kansa, domin nan ne ido ke saurin gane aikin gaggawa. A ɗauki hoto mai faɗin 1600 da tsayin 900, za a sa shi a taga mai 1024 da 768, irin girman tsofaffin majigin da ake haska aiki da su a ajujuwa. In aka ja shi ya cika, faɗinsa zai ragu zuwa kashi 64 cikin ɗari, tsayinsa kuwa zuwa kashi 85. Tambari mai da'ira zai tsuke ya miƙe, fuskar mutum ta yi tsawo. Hanyoyin kauce wa haka biyu ne, kuma kowacce da asararta. In aka bi ƙaramin ma'aunin, hoton zai fito duka da tsayin ɗigo 576, a bar fili na ɗigo 96 sama da 96 ƙasa. In aka bi babban, tagar za ta cika, amma faɗin hoton zai kai ɗigo 1365, a yanke 341 daga gefuna. Ga hoton bango, hanya ta biyu ta fi kyau kusan kullum, da sharaɗin kada a sa wani abu mai muhimmanci a bakin hoton. Windows Forms ba ta da wannan zaɓi cikin biyar ɗinta, sai mutum ya yi lissafin da hannunsa. Manhajojin da aka gina da Electron, irin su Slack da Visual Studio Code, waɗanda a ciki shafukan intanet ne sanye da rigar taga, kalma ɗaya ce ta CSS, harshen adon shafukan intanet, ke yi musu wannan aiki.

Akwai kuma ƙa'idar da ake mantawa: duk sanda girman taga ya sauya, daga hoton asali ake sake lissafi. Wanda ya rage hoto, sannan ya girmama abin da ya rage, ya sake ragewa, bayan 'yan jaye-jaye zai ga hoton ya dushe, domin ɗigon da aka zubar ba ya dawowa.

Nauyin hoto ma yana ruɗin mutane. Hoton da wayar hannu ta ɗauka mai ɗigo 4000 da 3000 zai iya zama megabayit uku ko huɗu a faifai, saboda tsarin JPEG yana matse shi. Da an warware shi don zane, ɗigo miliyan 12 sau bayit huɗu ya zama megabayit 48 a ƙwaƙwalwa. A sabuwar kwamfuta ba za a ji ba. A kwamfutar hannu ta gwanjo mai fuska 1366 da 768, irin wadda ke kan teburin shagunan magani da ofisoshin makarantu da yawa a ƙasar Hausa, manhaja mai tagogi goma kowacce da irin wannan hoto za ta kwashe kusan rabin gigabayit don ado kawai, kuma fuskar ba za ta iya nuna ko kashi ɗaya cikin goma na ɗigon ba. Rage hoton tun kafin a sa shi cikin manhaja aikin minti ɗaya ne.

Sai ƙiftawa. A tsohon tsarin Windows, kafin kowane zane ana fara shafe taga da launin bango, sannan a zana hoto. In hoton ya ɗauki lokaci, ido yakan kama wannan tazara, taga ta riƙa walƙiya yayin da ake jan gefenta. Maganin shi ne a yi zanen duka a wani ɓoyayyen wuri a ƙwaƙwalwa, in ya kammala a ɗora shi kan fuska gaba ɗaya. Swing yana yin haka da kansa. A Windows Forms sai an kunna gurbin DoubleBuffered.

Bayit na huɗun nan da aka ambata shi ne ke faɗin yadda ɗigo yake rufe abin da ke bayansa, daga 0, wato ba a ganinsa sam, zuwa 255, wato ya rufe ruf, duk abin da ke tsakani kuwa shara-shara ne. Ed Catmull da Alvy Ray Smith ne suka ƙirƙiro shi a ƙarshen shekarun 1970, sannan Thomas Porter da Tom Duff suka tsara lissafin haɗa hoto bisa hoto a wata takarda da suka fitar a 1984 suna aiki a Lucasfilm. Tsarin PNG, da ya fito a 1996, yana ɗauke da wannan bayit. JPEG ba ya da shi, shi ya sa tambarin da aka ajiye a JPEG yake zuwa da farin akwati kewaye da shi. Amma ko fayil ya iya, ba kowane kayan gini ne ya iya ba. Rubutun da aka ɗora da Label a Tkinter kullum yana zuwa da nasa bango mai rufewa, sai ya zama faci-faci a kan hoton, kuma mafita ita ce a zana hoton da rubutun duka a kan Canvas guda. A Windows Forms ma abin da ake kira bango mai nuna baya dabara ce: abin yana kwafo zanen tagar da ke ɗauke da shi ya zana a bayansa, don haka in ya hau kan wani madanni, madannin ba zai bayyana ta cikinsa ba. Tk kansa sai a fitowa ta 8.6, a ƙarshen 2012, ya fara karanta PNG ba tare da taimako ba, JPEG kuwa har yanzu sai an haɗa da ƙarin kayan aiki irin su Pillow.

Matsalar da ta fi kunyata ɗalibai ranar kare aiki ba ta da alaƙa da zane. Manhajar ta yi aiki lafiya a kwamfutar mai ita, an kwafa ta zuwa ta malami, sai ta ƙi tashi ko ta tashi ba hoto, domin an rubuta cikakken adireshin fayil ɗin har da sunan mai kwamfutar da foldar da ya ajiye hotunansa. Ko an rubuta sunan fayil kaɗai, kwamfuta tana nemansa ne daga foldar da aka kunna manhajar, wadda ba lallai ta zama inda manhajar take ba. Masu Java sukan cusa hoton cikin kunshin JAR su nemo shi da getResource. Masu Qt suna da tsarin haɗe hotuna cikin manhajar kanta. Wanda ya dunƙule aikin Python ya zama fayil ɗaya da PyInstaller kuwa sai ya san cewa manhajar takan warware kanta a wata folda ta wucin gadi duk sanda aka kunna ta, kuma can hoton yake.

An yi zamanin da hoton bango shi ne manhajar gaba ɗaya. Winamp, manhajar sauraron waƙoƙi da Justin Frankel da kamfaninsa Nullsoft suka fitar a 1997, babbar tagarta hoto ne guda mai ɗigo 275 da 116, madannanta ma 'yan hotuna ne da ake yankowa daga wasu fayiloli. Duk wanda ya iya zane zai sauya fayilolin ya ba ta sabuwar riga ba tare da ya rubuta ko layi ɗaya ba, kuma mutane sun yi ta yi. Rumbun da Jordan Eldredge ya buɗe a intanet a 2020 ya tara riguna sama da 65,000. Kamfanin Apple ma ya bi wannan hanya ta wata fuskar: a 2011 kalandar Mac ta fito da bango mai kama da fata har da ɗinki. Bayan shekara biyu kamfanin ya tuɓe fatar, ya koma fili mara ado a kwamfuta da waya.

Wannan komawa tana da dalili mai ƙarfi, kuma ya kamata masu gina manhaja a nan gida su ɗauke shi da muhimmanci. Rubutu yana karantuwa ne gwargwadon bambancin haskensa da na abin da ke bayansa. Baƙi a kan fari bambancinsa 21 ne bisa 1, kuma ƙa'idojin da ƙungiyar W3C ta fitar a 2008 don shafukan intanet, waɗanda masu manhajar kwamfuta ma suke ara, sun ce kada rubutu na yau da kullum ya gaza 4.5 bisa 1. Launi guda ana auna shi sau ɗaya a huta. Hoto kuwa yana da sama mai haske da inuwa mai duhu, rubutu ɗaya zai ratsa duka biyun, rabinsa ya fito rabinsa ya nutse, kuma da an ja taga komai ya sauya wuri. Wanda ya gina manhajar yana kallonta na 'yan mintoci yana jin daɗi. Yarinyar da ke shigar da sunayen magani da farashi daga safe zuwa magariba, ko akawun da idonsa ya fara rauni, su ne za su riƙa ƙanƙance ido don bambance 3 da 8 a kan hoton gajimare. A manhajar kuɗi ko ta magani wannan ya wuce batun kyau.

Masu kula da aikinsu sukan bar hoto a tagar shiga, inda akwati biyu ne kawai da madanni ɗaya, su bar tagogin aiki da launi guda. In dole ne hoto ya zauna a bayan rubutu, sai su shimfiɗa baƙi ko fari shara-shara tsakanin hoton da rubutun, ko su dusar da hoton tun daga fayil, sannan su auna bambancin a wuri mafi muni na hoton. Windows kuma tana da yanayi na musamman ga masu raunin gani, wanda ke mai da komai launuka kaɗan masu tsananin bambanci, amma ba ta da ikon cire hoton da manhaja ta zana da hannunta. Manhajar ce za ta tambaya. A Windows Forms tambayar layi ɗaya ce, a duba SystemInformation.HighContrast kafin a ɗora hoton, in an kunna yanayin a bar bangon da launin da mai kwamfutar ya zaɓa wa idonsa.